An yi mini tallan daji hekta 220 a ƙasar Bali: in saya ko in haƙura?

Ɗan Kwari ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ni ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda nake sayarwa a Kantin Kwari, shekara ashirin da 'yan kai ke nan. Amma asalina mutumin ƙauye ne daga wajen Tudun Wada, a bakin dajin Falgore aka yanke mini cibiya, kuma mahaifina, Allah ya jiƙansa, maharbi ne. Na faɗi wannan ne don ku san cewa da son zuciya a cikin maganar, ba lissafi kaɗai ba.

Tun da naira ta faɗi a 2023 na daina yarda da ajiyar kuɗi a banki. Abin da ya kai ya sayi dila goma a farkon shekara, kafin ƙarshenta da ƙyar yake sayen shida. Bara na sayar da wani gida da nake haya da shi, kuɗin suna nan, ina neman inda zan binne su yadda ba za su narke ba.

To akwai wani abokin cinikina da ke sarin kaya yana kai wa Jalingo. Shi ya haɗa ni da wani dillali, wai akwai daji na gado a ƙasar Bali ta jihar Taraba, hekta 220, magada suna son rabuwa da shi. Naira dubu 200 kowace hekta, miliyan 44 ke nan, ban da la'ada. Na ce gani ya kori ji, na shirya na tafi. Yini guda cur na yi a mota kafin Jalingo, washegari muka bi ta Garba Chede, muka sauka daga kwalta muka hau acaɓa kamar minti arba'in, muka tsallake wata ƙorama da ƙafa.

Wallahi da na shiga wurin sai da ƙwalla ta zo mini. Ƙamshin dajin nan da na rabu da shi tun ina yaro. Doka ce ta fi yawa, ga maje, ga kawo jefi-jefi, ga madaci manya a bakin ƙoramar, kaɗanya da ɗorawa kuwa ba a magana. Mun tayar da garken zabi sau biyu, na ga sawun gada, har da wanda nake zaton na mazo ne a cikin laka. Na kuma ga kututture da yawa, tsofaffi, sun yi baƙi. Dillalin ya ce ai wannan tsohon zance ne. Akwai wata 'yar gonar riɗi a kusurwa ɗaya, ya ce aro aka ba mutumin. Akwai kuma hanyar shanu da ta ratsa ta gabas.

Takardar da suka nuna mini rubutun hannu ce, da hatimin mai unguwa da sa hannun shaidu uku.

Abin da nake so uku ne. In riƙa yanka katako kaɗan-kaɗan ina kawowa Kano (dillalin ya rantse katakon kaɗai zai mayar mini da kuɗina cikin shekara biyu). In samu wurin da zan je da rani in yi kwana goma ina farauta kamar yadda Baba ya koya mini. Sannan ƙasar ta zauna wa 'ya'yana. Waɗanda suka san harkar, don Allah ku ba ni shawara tsakani da Allah. An ba ni zuwa ƙarshen wata in ajiye kafin alƙalami.

Tsohon Malamin Daji ya amsa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Na yi shekara 35 a aikin gandun daji kafin in ajiye, kuma na zauna a wannan yankin. Bari in fara da kututturen nan da aka ce maka tsohon zance ne, don su ne suka fi kowa gaya maka gaskiya a duk tafiyarka.

Ina kyautata zaton madobiya ce, wadda 'yan harkar suke kira madrid. Wajen 2014 zuwa 2017 babu irin ɗibar da ba a yi mata ba a Bali da Gassol da Gashaka da Kurmi. Garba Chede ɗin da ka bi, a lokacin gumagumai ne jibge a bakin titi, tireloli suna lodi zuwa tashar jirgin ruwa ta Legas, daga can sai ƙasar Sin, inda ake yin kujeru da gadaje masu tsada da ita. A 2016 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin itatuwa da namun dajin da ake tsoron ƙarewarsu, ke sa wa ido, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya. Ma'ana, wanda ya riga ka shiga dajin nan ya kwashe man, ya bar maka ruwan. In da akwai sauran kuɗin da ake ɗauka a tsaye a wurin, da masu inji ba su tafi ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Sai maganar ƙirga. Ido yana ruɗin mutum a daji, musamman wanda ya daɗe yana kallon siminti. Dajin doka daga nesa a cike yake, amma in ka shiga da igiyar awo sai ka tarar mafi yawan itatuwan a karkace suke, ko sun rabu biyu tun daga ƙasa, ko gobarar shekara da shekaru ta yi musu kogo. Ga abin da za ka yi, ba ya buƙatar kowane digiri. Ka samu yara biyu da igiya mai tsawon mita 50. Ka zaɓi wurare goma a warwatse, kai za ka zaɓa, ba dillali ba, kuma kada duka su zama a bakin ƙorama. A kowane wuri ka auna mita 50 a tsaye, 20 a kwance. Goman nan in ka haɗa su hekta ɗaya ke nan daidai. A ciki ka ƙirga itacen da ya miƙe sambal aƙalla tsawon mutum biyu ba reshe, wanda in ka rungume shi a daidai ƙirji hannuwanka ba za su haɗu ba. Ka buga masa ƙeyar gatari. In ya amsa kamar ganga, kogo ne, ka wuce. Ka rubuta sunan kowanne. Abin da ka samu shi ne katakonka na gaskiya a hekta guda.

Madacin bakin ƙorama da suka burge ka, kada ka sa su a lissafi. Su ke riƙe da gaɓar ruwan. Ka sare su, damina biyu ƙoramar ta cinye gefenta, rani ya yi ta ƙafe tun watan Janairu, kuma da ita dabbobin da ka ga sawunsu za su tafi. Kawo da madaci da madobiya kuma su ne makiyaya ke sassabe wa shanu ganye da rani, shi ya sa za ka ga kawunansu a gundule.

Wani abin da mutane ba su sani ba: sayen ƙasa bai ba ka ikon sa inji a jikin itace ba. Sai ka je ofishin gandun daji ka nemi izini, a zo a duba, ka biya kuɗin kowane itace, a buga wa gungumen guduma mai hatimi. In babu wannan, kayan sata ne a idon hukuma ko da a bayan ɗakinka ka yanka. Kuma gwamnatin jiha tana iya wayar gari ta dakatar da saran gaba ɗaya. Kafin komai ma, ka je ma'aikatar da ke kula da gandun daji a Jalingo ka roƙi a nuna maka taswirar dazuzzukan gwamnati da na wuraren kiwo. Na sha ganin an sayar wa baƙo yanki a cikin gandun gwamnati, don turakun iyakar sun ɓace tun zamanin En'e, mai sayarwar ma wani lokacin bai sani ba.

In katako kake so da gaske, shuka shi ake yi. Ka je ka ga itacen tik da aka shuka a dajin Nimbia a kudancin Kaduna, ko itacen turaren da mutanen Mambila suka mayar da shi abin dogaro a wajen Nguroje da Gembu. Tazarar mita uku-uku tana ba ka dashe 1,111 a hekta. Turare cikin shekara biyar zuwa bakwai ya kai sandar rufi, in ka yanka ya sake toho. Malaina ka ba ta shekara goma zuwa sama. Tik kuwa na 'ya'ya ne, shekara ashirin ko fiye. Amma duk wannan sai da mutum a zaune a wurin, yana share gefen gonar tun Oktoba kafin ciyawa ta bushe. Ashana ɗaya a watan Disamba ta isa ta cinye wahalar shekara uku.

Na 'Yan Katako ya amsa:

Alhaji, mu muke sayen kayan a Na'ibawa, bari ka ji daga bakinmu. Duk wanda ya ce maka shekara biyu, ka ce ya zo ku yi haɗin gwiwa ya zuba rabin kuɗin. Za ka ga ya tuna yana da uzuri.

Itace a daji ba shi da tsada, fito da shi ne tsadar. Mai inji da yaransa, fetur da baƙin mai, masu ɗauko falanki a ka zuwa inda mota za ta iya shiga, kuɗin gandun daji, kuɗin ƙaramar hukuma, 'yan ƙungiya, sannan shingayen hanya tun daga Jalingo, Numan, Gombe har ka shigo Kano, kowanne da hannunsa a miƙe. Injin hannu kuma ɓarna gare shi, abin da ke zubewa gari da ɓawo ya fi abin da ke zama falanki. Ka ce ka tsallaka ƙorama da ƙafa? To daga Yuni zuwa Oktoba ka manta da mota.

Doka ana sayenta don rufi, tu-bai-fo da tu-bai-tiri, amma ba ta da farashi, maje ma haka. Kawo da madaci su ne kuɗi, su ne kafintoci ke nema don ƙofa da gado, su kuma ka ce jefi-jefi ne. Abin da nake ji maka tsoro, in lissafi ya ƙi fita, masu gawayi za su zo maka da kuɗi a hannu su ce ka ba su ƙirya da marke. Ka karɓa sau ɗaya, shekara uku wurin ya koma fili fetal.

Lauyan Unguwa ya amsa:

Ranka ya daɗe, ni takardar ce ta tsaya mini. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Filaye ta 1978, duk ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Abin da mutum ke samu shi ne haƙƙin zama da amfani. A karkara ƙaramar hukuma ce ke bayar da wannan haƙƙin irin na gargajiya, har zuwa hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo, abin da ya haura sai da yardar gwamna. Hekta 220 tana cikin iyaka, amma canja hannu ma sai da amincewar ƙaramar hukumar. Hatimin mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki a gabansa, iyakarta ke nan. In kana son abin da banki zai karɓa ko kotu ta girmama, sai ka ɗauki safiyo mai rajista ya auna ya kafa turaku, ka nemi satifiket na gwamna, wanda yawanci na shekara 99 ne, kuma akwai kuɗin ƙasa da za ka riƙa biya.

Abu biyu kuma. In gwamnati ta karɓe wurin don amfanin jama'a, diyyar abin da ka gina ko ka shuka za a ba ka, ba ta ƙasar ba. In kuma aka samu ma'adini a ƙarƙashi, na gwamnatin tarayya ne.

Amma abin da ya fi kawo mutane ofishina ba wannan ba ne, kalmar "gado" ce. Magada nawa ne? An raba ko ba a raba ba? Mata sun sani? Akwai marayu ƙanana? Ka nemi a tara maka su duka, ko wakilansu da takarda, a gaban dagaci da hakimi. Mai gonar riɗin nan ma ka same shi shi kaɗai, ba a gaban dillali ba, ka tambaye shi shekara nawa yana noma wurin da kuma wa ya ba shi. Kada ka ajiye ko sisi don an ce ƙarshen wata. Dajin da ya kai shekara ɗari a wurin ba zai gudu cikin sati uku ba.

'Yar Taraba ta amsa:

Sannu Alhaji. Duk maza sun yi magana kan katako da takarda, ba wanda ya taɓo ɗorawa da kaɗanyar da ka ce "ba a magana". To a yi maganarsu. A ƙauyenmu kowace ɗorawa da mai ita, ko da tana tsakiyar gonar wani. Kakata tana da guda shida da ta gada, da kalwarsu ta aurar da 'ya'ya. Kaɗanya kuma da farkon damina tun asuba mata ke fita tsinta, da man kaɗen ake sayen sabulu da littafin makaranta. Mazan da za su sayar maka ba za su kawo wannan zancen ba, don ba aljihunsu yake shiga ba.

Ranar da ka sa waya ka kewaye wurin, ka sani ka taɓa tukunyar gida hamsin. Ba wanda zai yi maka faɗa. Za a gaishe ka da fara'a, sai dai kullum ka ji an yanke waya, ko wuta ta tashi ba a san wanda ya sa ba. Haka burtalin nan: shanun da ke bi ta nan sun riga kakan mai sayarwar sanin hanyar. In ka saya, ka bar mata su ci gaba da tsintarsu, ka faɗa a gaban dagaci kowa ya ji. Su ne za su fara aiko maka in sun ji kukan inji a ciki.

Jikan Sarkin Baka ya amsa:

Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Hekta 220 a takarda tana da yawa, amma a ƙafa murabba'in kilomita biyu ne da ɗan ɗori, minti ashirin ka ratsa ta. Zabi da fakara da zomo da gada za su zauna maka in akwai ruwa kuma ba a ƙona wurin kakaf. Mazo da gyado masu wucewa ne, yau suna naka gobe suna na wani. Kuma maharban garin ba su san da zaman satifiket ba, in rani ya yi za su shigo da karnukansu kamar yadda suka saba. Gara ka kai wa sarkin bakan garin goro tun farko ka shiga cikinsu.

Ka kuma tambaya tsakanin wurin da iyakar Gashaka-Gumti nawa ne. Gandun namun daji ne na tarayya tun 1991, mafi girma a ƙasar nan, hedikwatarsa na Serti, kuma ma'aikatansa ba sa wasa yanzu. Akwai namun da ko a gonarka ka harba ka shiga uku, irin su ɗan kunya da damisa da biri mai ganga. Bindiga kuma ko harba-ka-ruga ce sai da lasin 'yan sanda. Tun da aka kashe maharbanmu 16 matafiya a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, ni na daina doguwar tafiya da bindiga a mota, ko da takarda. Sannan ka yi tambaya a tasha, ba wurin dillali ba, ko ana kwana a dajin nan lafiya. Baƙo daga Kano da aka san ya ajiye miliyan 44, labarinsa yana riga shi isa.

Ɗan Kwari ya sake rubutawa:

Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Na koma, wannan karon da ƙanina da igiya, na yi kwana huɗu a gidan wani malamin makaranta, ban gaya wa dillali ranar zuwana ba.

Baba Malamin Daji, na yi yadda ka ce. A wurare goman nan itace bakwai ne suka ci jarrabawa: doka huɗu, maje biyu, kawo ɗaya. Waɗanda na buga suka amsa kamar ganga ban ma ƙirga ba, kunya ta hana ni. Kututturen kuwa madobiya ce, wasu har sun yi toho ya kai tsayina, abin ya ba ni tausayi. Mun bi iyakar da aka nuna mana da wayar ƙanina tana auna tafiyar, abin da ya fito bai kai hekta 150 ba. Da na faɗa wa dillalin sai ya ce ai har da bayan dutsen. Bayan dutsen kuma mutanen wani ƙauye suka ce nasu ne tun kakanni.

Barista, mai riɗin shekararsa 19 a wurin, kuma ya ce ba aro ba ne, jingina ce, mahaifin magadan ya karɓi kuɗinsa bai mayar ba har ya rasu. Magadan su tara ne, huɗu mata, biyu daga cikinsu suna aure a Yola ba su ma ji ana ciniki ba. Ashe cinikin biri a sama na kusa yi.

Hajiya, na ga matan da idona, da sassafe, da kwanduna. Ɗaya ta tambaye ni ko ni ne wanda zai sa waya. Na ce a'a, ban san lokacin da bakina ya faɗa ba.

Na janye daga 220 ɗin. Amma ban iya barin wurin gaba ɗaya ba, kun dai san hali. Akwai saura kamar hekta 25 kusa da hanya, ta babban wansu ce shi kaɗai, rabonsa da aka fitar masa tun mahaifinsu na da rai, kuma dagaci da 'yan'uwan sun tabbatar. Ba ta da manyan itatuwa sai kaɗanya da 'yan ɗorawa, amma ƙoramar ta taɓa gefenta. Ita nake nema yanzu, in taswirar Jalingo ta nuna ba ta cikin gandu. Niyyata in fara da hekta uku na malaina da tik a damina mai zuwa, malamin da ya sauke ni ya yarda ya riƙa dubawa a kan ya noma gyaɗa a tsakanin layukan. Sarkin bakan garin kuma na kai masa goro, ya ce in zo bayan an gama girbi, akwai bindigar aro, kada in wahalar da kaina da ɗauko tawa.

Uwargida ta ce duk wannan zagaye-zagayen don in harbi zabo biyu ne a shekara, kuma da kuɗin motar kaɗai da na saya mata talatin a kasuwar Wudil. Ban ba ta amsa ba.

Baba Malam, dashen tik ɗin, gara in sayi na leda ko in nemi guntayen saiwar nan da ake dasawa? Kuma a wane wata ya kamata su shiga ƙasa a wajen Bali?